Wane littafin kasuwanci ne ya cancanci kuɗin ɗalibi da lokacinsa?

Bazazzagi_Kongo

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a daidai wannan lokacin ne kawuna ya danƙa mini kula da wurin casar shinkafarsa, inda muke da ma'aikata goma sha huɗu, ban da 'yan dako da ke zuwa ranar da kaya suka sauka. Jerin littattafan da aka ba mu a makaranta ya haura shafi biyu, abokai kuma kullum sai sun turo mini wani littafi a waya suna cewa sirrin arziki yana cikinsa. Kuɗin da zan iya warewa a wannan zango ba zai wuce na littafi uku ba, lokacin karatuna kuwa bayan sallar isha'i ne kawai. Ina roƙon waɗanda suka taɓa riƙe ma'aikata da hannunsu su faɗa mini littafin da suka karanta har ya canja yadda suke aiki, ba wanda ya ba su sha'awa kawai ba.

TsohonManaja

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kuma ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka. Na yi shekaru ina shugabantar sashe a wata masana'anta a Kaduna kafin in yi ritaya in dawo gida Tudun Wada, kuma da za a ce in zaɓi littafi ɗaya tak, The Effective Executive na Peter Drucker zan ɗauka, wanda ya fito a 1967. Ƙaramin littafi ne, babu lissafi mai wuya a cikinsa. Abu na farko da yake nema daga manaja shi ne ya san inda lokacinsa yake tafiya, kuma ya ce ba a sanin haka da zato sai an rubuta. Na gwada na mako biyu da ɗan littafin aljihu, ina rubuta kowane aiki a sa'ar da nake yinsa, sai na tarar mafi yawan yinina yana ƙarewa ne wajen sa hannu a takardun da magatakarda zai iya gamawa da su, da sauraron ƙorafin da shugaban leburori ya fi ni sanin bakin zarensa. Aikin da aka ɗauke ni dominsa, wato tsara abin da za mu yi a watanni masu zuwa, sai da daddare nake taɓa shi a gajiye. Drucker ya kuma nace a kan a ɗora mutum a kan abin da ya iya, a daina ɓata shekaru ana neman gyara masa abin da ba zai taɓa ƙwarewa a kai ba.

Dan_Sabongari

Tare da girmamawa ga Baba TsohonManaja, ni ina da ja. Shekara ashirin da biyu ke nan ina kasuwar Sabon Gari. A yaron shago na fara, ina share gaban rumfa ina ɗauko kaya daga sito, har maigidana ya yaye ni ya ba ni jari. Ban taɓa buɗe ko ɗaya daga cikin littattafan nan ba, kuma na sha ganin masu digiri sun buɗe shago a layinmu da kanta mai ƙyalli da kwamfuta, shekara ba ta zagayo ba sun kulle. Masu rubuta waɗannan littattafai suna zaune ne a ƙasashen da ba a ɗauke wuta, farashin buhu ba ya canjawa tsakanin hantsi da la'asar, wanda ya ci bashinka kuma kotu za ta karɓo maka. Wane littafin Bature Alhassan Ɗantata ya karanta? Shawarata ga ƙanena ita ce ya zauna kusa da kawunsa ya buɗe kunne, kuɗin littafin kuma ya zuba a jari.

Dalibin_Tarihi

Alhaji Dan_Sabongari, misalin da ka kawo ya fi ƙarfafa karatu fiye da rushe shi. Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya fito ne daga gidan Agalawa, mutanen da fataucin goro ya zama musu gado, kuma abin da ya koya a hanyar Gwanja ilimi ne mai tsari da ƙa'idoji, sai dai ba a takarda aka ajiye shi ba. Abin farin ciki shi ne an rubuta wani ɓangare nasa, kuma a nan Zariya aka buga. Kamfanin ɗab'i na Jami'ar Ahmadu Bello ne ya fitar da Caravans of Kola na Paul Lovejoy a 1980, wanda ya bi fataucin goro daga 1700 zuwa 1900, ya bayyana yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suke tara jari a cikin dangi, da yadda madugu yake tafiyar da ayari mai ɗaruruwan mutane da dabbobi, yana sasantawa da sarakunan hanya a kan fito, yana yanke shawarar inda za a yada zango. Wannan aikin manaja ne tsantsa.

Na biyu da nake so ɗan'uwanmu ya nema shi ne Custom and Politics in Urban Africa na Abner Cohen, na 1969, a kan Hausawan Sabo a Ibadan. Sunan ba ya nuna kasuwanci, amma a ciki akwai bayanin da ban taɓa ganin kamarsa ba game da bashi. Bafatake ya kawo shanu daga arewa, mahautan Yarbawa ba su da kuɗi a hannu sai sun yanka sun sayar, shi kuma bai san kowa a garin ba. Mai masauki ne yake saukar da shi, dillalansa su sayar da shanun bashi, shi ya tsaya a kan kuɗin, domin ya san wane mahauci ne ke biya, wane ne bashi ya riga ya yi masa katutu. Dukiya mai yawa tana yawo ba tare da kotu ba, sunan mutum ne jinginarsa. Matsalar da Alhaji ya ambata ta rashin kotun da za ta karɓo bashi, kakanninmu sun daɗe da nema mata hanya, kuma ɗalibin da ya karanta wannan zai gane abin da kawunsa yake yi idan ya ƙi ba wani kaya ya ba wani.

MaiBurodi_TudunWada

Tun da injina ne a hannunka, ƙanena, ka bar komai ka fara da The Goal na Eliyahu Goldratt, wanda ya rubuta tare da Jeff Cox a 1984. A siffar labari aka rubuta shi, don haka ko a gajiye kake bayan isha'i za ka iya binsa. Manaja ne aka ba wata uku ya gyara masana'antar da ke faɗuwa ko a rufe ta, alhali kowane inji yana aiki dare da rana, kaya sun cika sito, amma masu saye suna jira ba a kai musu ba. Inda ya gane matsalar shi ne ranar da ya raka yara 'yan sikawut tafiyar daji, ya lura cewa duk saurin na gaba, jerin ba ya isa sai yaron da ya fi kowa nauyin tafiya ya iso. Da ya sa yaron a gaba, aka raba kayan da ke jakarsa, sai tafiyar kowa ta ƙaru. Malam Dalibin_Tarihi zai shaida cewa madugu ma ya san haka, ayari da jakin da ya fi gajiya yake auna tafiyarsa.

Ni abin ya same ni a gidan burodina. Na ga ba ma cika odar masu shayi da safe, sai na ci bashi na sayo injin kwaɓi na biyu. Kwaɓi ya ninku, burodi bai ƙaru ko ɗaya ba, domin tanda ɗaya ce, kuma ba ta ɗaukar fiye da abin da take ɗauka. Kwaɓin da ke jiran layi ma sai ya riƙa wuce kumburi yana tsami muna zubarwa. Bayan na karanta littafin ne na daina barin tanda ta zauna babu komai a cikinta: na raba lokacin cin abincin masu gashi, na sa a jera faranti tun kafin a fitar da na ciki, na hana a saka kwaɓin da na san ba zai yi kyau ba, tun da duk gurbin da ya ci a tanda asara ce da ba ta dawowa. Ban ƙara sisi a kan inji ba muka fara cika oda. Ka je wurin casar gobe ka duba inda buhuna suke taruwa suna jira. Abin da ke gaba da tarin nan shi ne yake yanke maka yawan abin da za ka sayar.

Bazazzagi_Kongo

Yaya MaiBurodi, ba sai na je na duba ba, na san wurin. Bayan an jiƙa shanshera an turara, a filin siminti muke shanya ta, kuma da damina sai ta kwana biyu ko uku ba ta bushe ba, injin casa yana zaune. Kawu kuwa maganar da yake yi a yanzu ita ce a sayo sabon injin casa mafi girma. Wannan bayani ya sa jikina ya yi sanyi.

MalamarLissafi

Ina koyar da lissafin kuɗi a wata babbar makaranta a nan gari, kuma ina duba wa ƙananan 'yan kasuwa littattafansu. Ban ƙi abin da aka lissafa ba, amma a ganina an fara gini daga rufi. Kafin Drucker da Goldratt, ɗalibin nan yana bukatar ya iya karanta lissafin wurin da aka ba shi, kuma tsohon littafin nan na Frank Wood, Business Accounting, kashi na ɗaya, ya ishe shi. Ba shi da daɗin karatu, sai an zauna da biro an yi darussan da ke ƙarshen kowane babi, amma shi ne zai raba maka riba da tsabar kuɗi. Na sha ganin mai sana'a yana murna ya ci riba a takarda alhali kuɗin duk suna hannun waɗanda suka ɗauki kaya bashi, ranar biyan ma'aikata kuma sai an ranto. Na kuma ga akasin haka, aljihu cike da kuɗi ana ta kashewa, ashe uwar kuɗin ake ci, domin ba a cire tsufan inji ba, ba a ware kuɗin gyara ba.

Ƙanena, ga tambayoyi uku da nake so ka amsa wa kanka. An yanka maka albashi, ko kuwa kana ɗauka ne idan bukata ta taso? Buhun da ake kaiwa gidan kawu da gidajen 'yan'uwa da azumi, ana rubuta shi? Dusa da ɓarzajjiyar shinkafa da ake sayarwa a gefe, ina kuɗinsu yake shiga? Idan babu amsa a rubuce, babu littafin dabarun shugabanci da zai cece ka ranar da za a zauna lissafin shekara.

Yar_Samaru

Ni ɗaliba ce a aji uku, ina bin wannan muhawara da sha'awa. Ina so in tambayi malamai game da littattafai biyu da kusan kowa a ajinmu yake yabo, Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki da Good to Great na Jim Collins. Na ga har yanzu babu wanda ya ambace su. Akwai dalili ne?

Malamin_Gudanarwa

Tambayarki tana da kyau, 'yata. Littafin Kiyosaki na 1997 magana yake a kan yadda mutum zai riƙe kuɗin aljihunsa, ya bambanta abin da ke kawo masa kuɗi da abin da ke cinye su. Yana zaburar da matashi, amma ba ya koyar da riƙon ma'aikata ko tafiyar da masana'anta, kuma dabarunsa na sayen gidaje da bashin banki a kan tsarin Amurka aka gina su.

Good to Great na 2001 ya fi shi nauyi, shi ya sa ya fi bukatar a karanta shi da lura. Collins da mataimakansa sun zaɓi kamfanoni 11 da suka yi fice, suka nemo halayen da suka haɗa su, suka ce ga sirrin ɗaukaka. Shekara bakwai kacal bayan fitowar littafin, a 2008, ɗaya daga cikinsu, Circuit City, ya bayyana karyewarsa, wani kuma, Fannie Mae, sai da gwamnatin Amurka ta karɓe ragamarsa. Matsalar tana cikin hanyar binciken ne. Idan ka fara zaɓen waɗanda suka riga suka yi nasara sannan ka tambayi dalili, duk abin da suka yi zai zama abin yabo a bakin mutane. Shugaban da kamfaninsa ke cin riba za a kira shi mai tsayawa a kan ra'ayinsa, ranar da kamfanin ya faɗi kuma wannan halin dai za a kira taurin kai. Phil Rosenzweig ya warware wannan a The Halo Effect na 2007, kuma shi nake fara ba ɗalibaina kafin kowane littafin labarin nasara, domin su riƙa tambaya: kamfanonin da suka yi irin wannan abin suka faɗi fa, wa ya ƙirga su? A kasuwarmu ma haka ne, attajirin da ya yi kasada ta ɓulle da shi kowa ya san sunansa, goman da suka yi irin kasadar suka karye kuwa babu mai tunawa da su.

Injiniya_Dakace

Allah ya gafarta Malam, na yarda da gyaran, amma kada a watsar da littafin gaba ɗaya. Shawararsa cewa a fara samun mutanen kirki kafin a yanke inda za a dosa, da bayaninsa a kan shugaba mai tawali'u wanda ba ya neman a gan shi, sun taimake ni lokacin da nake haɗa ma'aikatan wurin walda. Faɗuwar kamfani bayan shekaru ba ta nuna cewa duk abin da ya yi a da kuskure ne.

Malamin_Gudanarwa

Gaskiya ne, Injiniya, ba ta nuna haka. Abin da nake cewa shi ne littafin bai tabbatar da cewa waɗannan halaye ne suka kawo nasarar ba. A ɗauke su a matsayin shawarar mai hankali, kada a ɗauke su a matsayin abin da kimiyya ta tabbatar.

Almajirin_Zaure

Akwai gefen da ba a taɓa ba, kuma a wurina shi ne na farko. Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa kada wanda bai fahimci addini ba ya yi ciniki a kasuwarmu. Ɗan'uwanmu zai riƙa sayen shanshera daga manoma, kuma na tabbata za a zo masa da maganar ba-da-kaka, a karɓi kuɗi ko taki da damina a biya da buhu idan an girbe. Shari'a ta halatta irin wannan ciniki da sunan salam, amma da sharuɗɗa: a biya kuɗin gaba ɗaya tun farko, a san nau'in kayan da ma'auninsu, a san lokacin kawowa. Da yawa daga cikin rigingimun da ke tashi da kaka daga barin ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan suke fitowa. Babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantarwa a zaurukan cikin birni tun kaka da kakanni, ya tattara ƙa'idojin, kuma ba sai ka kashe kuɗi mai yawa ba, malami za ka nema ka durƙusa. Idan kana son ganin yadda ake amfani da su a banki na zamani, An Introduction to Islamic Finance na Mufti Taqi Usmani yana bayanin murabaha da mudaraba da musharaka, wato hanyoyin ciniki da haɗa jari ba tare da kuɗin ruwa ba, a sauƙaƙe, kuma zai yi maka amfani tun da muna da irin waɗannan bankuna tun lokacin da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012. Ga Malama kuma, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi a kafa shaidu, don haka maganarki ta rubuta lissafi tana da tushe tun daga can.

Hajiya_MaiDinki

Ina da wurin ɗinki da yara mata da maza kusan ashirin. Abin da ya fi ba ni wuya a shekarun nan ba inji ba ne, ba lissafi ba ne, mutane ne, kuma a nan nake ganin littattafan suna gazawa. Wanne ne a cikinsu zai gaya maka yadda za ka sallami ɗan yayarka da ke zuwa aiki bayan azahar, ba tare da zumunci ya tsinke ba? Ɗana Bazazzagi, ina kyautata zaton mai kula da injin nan naku ya girme ka nesa, wataƙila ma ya goya ka kana yaro. Ranar da ya yi kuskure, da wane baki za ka gyara masa? Shi kuma Baba TsohonManaja da ke maganar tattalin lokaci, a garin nan idan aka yi rasuwa ko ɗaurin aure ba ka je ba, ka rasa abokin ciniki da mutunci a rana ɗaya.

TsohonManaja

Hajiya ta taɓo inda yake da ciwo. Game da lokaci, ni ban taɓa lissafa jana'iza da gaisuwa cikin ɓata lokaci ba, a wurinmu suna cikin aikin. Amfanin rubutawar shi ne ka san nawa suke ci, ka tsara wanda zai tsaya maka idan ka fita. Game da mutane kuwa, wanda ya fi kusa da amsa tambayarki shi ne High Output Management na Andrew Grove, wanda ya shugabanci kamfanin Intel, na 1983. Ya ce abin da manaja ya samar shi ne abin da mutanen da ke ƙarƙashinsa suka samar, ba gumin da shi ya zubar ba. Ya ba da muhimmanci ga zama da kowane ma'aikaci shi kaɗai a kai a kai, a bar shi ya kawo abin da ke damunsa. Wannan ya dace da al'adarmu sosai, domin dattijo zai karɓi gyara a keɓe, amma ba zai yafe maka ba idan ka yi masa a gaban yara. Grove ya kuma ce yadda za ka bi da mutum ya danganta da ƙwarewarsa a kan wannan aikin na musamman: sabo ana nuna masa dalla-dalla, ƙwararre ana yarjejeniya da shi a kan abin da ake so a bar shi ya yi. Tsohon mai inji ba ya bukatar ɗana ya koya masa casa, amma idan aka kawo sabon tsarin rubuta awo, a wannan shi ma sabon shiga ne. Maganar ɗan yaya kuwa, na amince babu littafin da ya warware ta. Abin da na gani yana aiki shi ne kada manaja ya yanke hukuncin shi kaɗai, ya kai wa mai dukiyar da hujja a rubuce, babba ya yi magana da babba.

Dan_Sabongari

Na karanta abin da Malam Dalibin_Tarihi ya rubuta har sau biyu. Bayanin mai masauki da mahauta daidai yake da yadda muke yi da masu sarin kaya daga ƙauyuka har gobe, kuma ban san wani ya taɓa zama ya rubuta shi ba. Wannan zan sa ɗana ya nemo ya karanta mini. Amma ina nan a kan bakata game da abu ɗaya: sanin wanda za ka ba bashi ba a takarda yake ba, sai ka yi shekaru kana kallon fuskoki, an cuce ka sau biyu sau uku. Labarin tanda da mai burodi ya bayar ma, da ya tambayi tsohon mai gashinsa kafin ya sayi injin, da ya faɗa masa kyauta.

MaiBurodi_TudunWada

Ya faɗa mini, Alhaji, ni ne ban saurara ba, domin a lokacin ina ganin duk injin da ke aiki riba yake kawowa. Littafin ne ya ba ni dalilin da ya sa maganarsa gaskiya ce. Malama kuma ina so ta sani cewa Goldratt ya soki yadda akantoci ke raba kuɗin kashewa a kan kowane kaya, ya ce hakan yana sa manaja ya riƙa tara kayan da ba a sayar ba don lissafi ya yi kyau.

MalamarLissafi

Na san wannan suka, kuma tana da gaskiya a manyan masana'antu inda ake auna kowane sashe da yawan abin da ya fitar. Sai dai wanda ba ya da lissafin ko kaɗan bai kai matsayin sukar lissafi ba tukuna. Ma'aunai ukun da Goldratt ya kawo a madadin, wato kuɗin da ke shigowa ta hanyar sayarwa, da kuɗin da ke kwance a cikin kaya, da kuɗin da ake kashewa wajen tafiyar da wurin, duk daga littafin akanta ake ɗebo su.

Malamin_Gudanarwa

Kada mu manta cewa yaron nan jarrabawa ma tana gabansa. Ba zai tsallake Michael Porter ba, musamman Competitive Strategy na 1980 da abubuwa biyar da ya ce suna yanke ribar kowace sana'a: gogayyar waɗanda ke cikinta, da sauƙin shigowar sababbi, da ƙarfin masu sayar maka, da ƙarfin masu saye daga gare ka, da abin da zai iya maye gurbin hajarka. Ba sai ya saya ba, babin farko ya ishe shi, amma ya gwada shi a kan shinkafa. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, shinkafar waje ta yi wuya, masu casa suka samu kasuwa. Da yake kafa ƙaramin wurin casa ba ya bukatar jari mai yawa, sai sababbi suka yi ta shigowa, kowa yana neman shanshera ɗaya, ƙarfi ya koma hannun masu ita. Wanda ya fahimci wannan zai gane cewa ribar mai casa ta fi dogara da yadda yake samun shanshera fiye da girman injinsa, kuma a nan maganar Malam Almajirin_Zaure ta salam ta zama dabarar kasuwanci, ba hukuncin fiƙihu kaɗai ba.

Yar_Samaru

Game da tsada, Yaya Bazazzagi ya fara duba ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru da na President Kennedy a Kongo kafin ya sayi komai, musamman tsofaffin nan na tarihi da na Drucker. Mu a ajinmu mu shida muka yi kamar adashe, kowa ya sayi littafi ɗaya, muna musanya duk bayan mako uku. Abin da ke damuna shi ne duk littattafan da aka lissafa babu na Hausa ko ɗaya. Mahaifiyata tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da mata biyar a ƙarƙashinta, tana karanta Hausa sarai, kuma labarin tanda zai yi mata amfani kamar yadda ya yi wa mai burodi. A garin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin kamfanonin ɗab'i na Gaskiya da NNPC, bai kamata a ce mai sana'a sai ya iya Turanci kafin ya samu wannan ilimi ba.

Dalibin_Tarihi

Ƙanwata ta faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina ganin ma ba fassara muka fi bukata ba. A zauna da irin su Alhaji Dan_Sabongari da Hajiya_MaiDinki a rubuta yadda suka yanke shawara a lokutan wuya, da wadda ta yi kyau da wadda ta ɓaci, a riƙa koyar da ɗalibai da su kamar yadda ake koyar da su da labaran kamfanonin Amurka.

Bazazzagi_Kongo

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Zan sayi The Goal da na Frank Wood a wannan watan, in nemi Drucker da Lovejoy a ɗakin karatu, Risala kuma akwai malami a unguwarmu da zan je wurinsa ranar Alhamis da Juma'a. Na uku ne har yanzu ban tsayar ba tsakanin Grove da Rosenzweig. Ga Malama kuma, tambayoyinki uku duka ba ni da amsarsu a rubuce, kuma na sayi babban littafin rubutu yau. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan tunkari kawu da maganar a fasa sayen injin casa a nemi hanyar busarwa, alhali wata biyu kacal ke nan da ya ba ni wurin.

Hajiya_MaiDinki

Kada ka je masa da sunan littafi, ɗana, zai ga kamar ka zo koya masa sana'arsa ne. Ka rubuta kwanakin da injin ya zauna babu aiki daga yanzu zuwa ƙarshen wata, ka sa tsohon mai injin ya raka ka, shi ya fara magana.

Injiniya_Dakace

Kafin a kai ga kawu, ina so in san buhu nawa filin shanyar yake ɗauka a lokaci ɗaya, da kuma buhu nawa injin yake casawa a yini idan ya samu busasshiya. Na'urar busarwa tana cin mai ko itace, kuma idan aka matsa wa shinkafa zafi da gaggawa takan tsattsage ta karye a inji, ribar da ake nema ta koma ɓarzajjiya. Wataƙila ƙarin fili da rumfar da za a riƙa ja idan hadari ya taso su wadatar a bana. Ka turo mini alƙaluman idan ka auna.